Alhamdu lillahi, an sallamo yaronmu

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Jiya da la'asar aka sallamo yaronmu daga asibiti. Da ƙafafunsa ya tako har bakin ƙofa, hannun yana ɗaure, ɗinkin da aka yi masa a ka ya kama. Likita ya ce ƙashin yaro ne, da yardar Allah zai haɗe ba tare da wata tawaya ba. Ni kuwa sai daren jiya na san na yi barci irin na mutane.

Ba zan maimaita abin da ya faru daren hadarin ba, daren da muke nuna fim a fili iska ta karya ƙarfen allo, wannan yaro da ke taya mu aiki ya ji rauni. Rabin unguwar Zariya ta nan Maraɗi na wurin, sauran kuma sun ji tun kafin gari ya waye, har daga Tibiri da Madarunfa an kira ni. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, da waɗanda saƙonninsu ke jibge ban buɗe ba, ku yi mini afuwa. Wallahi wayar tana hannuna ina ganin sunayenku, bakin magana ne babu.

Abu guda ne ya ƙi fita daga raina, shi nake so in faɗa.

Muna zaune a barandar asibiti wajen ƙarfe biyun dare, an shiga da shi ɗakin ɗinki, rigata duk jini da laka. Sai aka ce ga uwar yaron nan tafe. Jama'a, ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, har da sa'ar da ƙarfen allon ya karyo. Mace ce da mijinta ya rasu, da tuyar ƙosai take riƙe da marayu, wannan yaron kuma shi ne babba. Kullum shi ke riga kowa zuwa, ya shimfiɗa tabarmi, ya jera bencina, ladansa kawai a bar shi ya zauna kusa da majigi. Na miƙe tsaye ƙafafuna na rawa, na shirya wa duk abin da za ta ce, ko zagi ko jandarma. Ta wuce ni ta leƙa ɗakin, ta yi magana da mai jinya, ta dawo. Sai ta kwance bakin zanenta ta fiddo ƙullin fura, ta roƙi kofi da ruwa wurin wasu masu jinya da ke kwance gefe, ta dama da hannunta, ta miƙo mini.

"Malam, sha. An ce tun magariba ba ka sa komi a bakinka ba."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri."

Ta ce, "Haƙurin me? Kai ka aiko iska? Sha, ka ji."

Na karɓa. Ban san yadda furar nan ta wuce maƙogwarona ba. Inna, na san ba ki karanta irin waɗannan rubuce-rubuce, amma ƴarki za ta karanta miki. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya miki marayunki, ya sa su share miki hawaye yadda kika share mini nawa a daren nan.

Da asuba yaron ya farfaɗo sosai, kun san abin da ya fara tambaya? Ba uwarsa ba, ba ruwa ba. Cewa ya yi, "Malam, tsohon nan ya karɓi kuɗinsa?" Mai jinya ta ɗauka zafin ciwo ne ya sa shi sambatu. A'a, fim ɗin da iska ta katse mana yake nufi, Mandabi na Usman Sembene ɗan Senegal, wanda ya fito a 1968 cikin harshen Wolof. Wani dattijo ne a Dakar, ɗan ƴar'uwarsa da ke aiki a Paris ya aiko masa da manda, wato takardar karɓar kuɗi, ya je gidan waya aka ce sai da katin ɗan ƙasa, wurin kati aka ce sai da takardar haihuwa da hoto, maƙwabta kuwa tuni sun fara sallama suna neman rance a kan kuɗin da ko ƙamshinsu bai ji ba. Dattawanmu na ta dariya suna nuna juna, kowa ya san wannan yawon. Daidai nan ƙura ta taso daga gabas. Ban gaya wa yaron ƙarshen labarin ba, kuma kada wanda ya sani ya gaya masa. Na yi masa alkawari shi zai danna majigi ranar da za mu ƙarasa.

An ce a bar wa Allah sanin wanda ya yi alheri, wasunku ma sun ja mini kunne kada in ambace su. Ku gafarce ni, wannan karon ba zan ji magana ba.

Baba Maigadi. Lokacin da kowa ke gudun ransa, mu kuma muna kan yaron, ba wanda ya tuna da majigi, wadda muka shekara muna tara dala ashirin-ashirin ta ƙofa kafin mu saye ta. Da na dawo washegari na tarar da ita cikin ɗakinsa a nannaɗe da babbar rigarsa ta Juma'a, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Shi kuwa ya kwana da jiƙaƙƙiyar singileti yana tari. Wannan tsoho, ranar da muka nuna Cabascabo na marigayi Umaru Ganda, labarin sojan da ya dawo daga yaƙin Indoshina abokai suka taya shi cinye kuɗin sallamarsa sannan suka watse, bai ce uffan ba har aka tashi. Sai da muke naɗe tabarmi ya ce mini mahaifinsa ma tsohon sojan Faransa ne, kuma haka aka yi masa. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke mu cikin ruwan nan, ni a baya rungume da yaro, hanya duk ta zama gulbi, ya ƙi karɓar ko dala, ya juya ban ko tambayi sunansa ba. Duk wanda ya san shi ya isar masa. Ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da suka cika barandar suna miƙa hannu a ɗebi jininsu, har aka ce ya isa haka. Tafintanmu, wanda ke riƙe da lasifika kowane dare yana juya rubutun Faransanci zuwa Hausa don iyayenmu su bi labari, shi ya yi amfani da muryar nan tasa ya hana a tattake yara a ƙofa. Mai waldar bakin kasuwa da ya zo ya duba ƙarfen ya ce zai sake ƙera mana wanda za a binne ƙafafunsa da siminti, kuɗin ƙarfe kawai za mu biya. Matan da suka yi ta aiko da kwanukan abinci asibiti har muna rabawa maƙwabtan gado. Da yawansu mun san su ne a daren mata, ranar da muka nuna fim ɗin A'isha Macky ƴar Damagaram na 2016 kan matan da ba su samu haihuwa ba da irin gorin da suke sha. Ranar ba wanda ya tashi da wuri, an daɗe ana magana ƙasa-ƙasa, wasu na share ido da gefen hijabi.

Na san akwai masu cewa me ya kai mu nuna waɗannan fina-finai masu sanyi, ba rawa ba faɗa, alhali ga na Kano da na Indiya cike da wayar kowa. Ba mu da rigima da na Kano, mu ma muna kallo. Amma ƙasar nan tamu ta Nijar ce ta haifi wanda ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, Umaru Ganda ke nan, ita ta haifi Mustafa Alasan da ya zauna Tawa yana zana kwaɗi da hannunsa yana mai da su fim. Yaranmu sun san sunan kowane jarumi na Mumbai, waɗannan kuwa ko a lakkwal ba su ji su ba. Ranar da muka sa fim ɗin Sani Magori kan manoman albasar Galmi, wani ɗan kasuwa ya yi ta gyara wa allo farashin buhu da ƙarfi, har sai da aka roƙe shi ya bari a ji.

Su kuma ƴan'uwa na jini da tun farko suka ce wannan aiki shashanci ne bai dace da mai iyali ba, na gode da shirunku. Tsakanin gidajenku da asibiti bai kai kuɗin adaidaita jikka guda ba. Mutum ɗaya ya kira, shi ma tambayarsa ko kujerun da ya ba mu aro sun karye. Ba su karye ba, Yaya, gobe za a kawo maka su. Na bar maganar nan haka.

Ya Allah, duk wanda ya taka ƙafa, da wanda ya ba da jini, da wanda ya aiko da jikka ko dala, da wanda ba shi da komi sai addu'a cikin sujada, ka saka masa da abin da ya fi. Ka tsare musu ƴaƴansu. Kada ka nuna wa kowace uwa daren da Inna ta gani. Ka ba marasa lafiyar da muka baro a asibiti sauƙi, musamman dattijon gadon kusa da taga da ba mai zuwa duba shi. Ka ba mu damina mai albarka marar ɓarna, ka jiƙan iyayenmu. Amin, amin.

Ba za mu sake kafa allo a fili ba sai ruwa ya ɗauke. Takalma da hijabai da wata fitila da aka bari daren nan suna wurin Baba Maigadi, mai abu ya je ya ɗauka bayan la'asar. Masu son duba yaron kuma, don Allah a bari sai da yamma, da safe Inna tana wurin tuya.