Rufe hanya na ɗan lokaci a OpenStreetMap: kada ka dogara da lambar hanya

Na gina wata buɗaɗɗiyar manhaja da ke tara bayanan hanyoyin da aka rufe na ɗan lokaci, tana miƙa su ga manhajojin nuna hanya masu amfani da OpenStreetMap, taswirar duniya da kowa ke iya gyarawa. Irin waɗannan bayanai ba su dace da cikin taswirar kanta ba. OsmAnd, ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, wata-wata yake sabunta taswirorin da mutane ke saukewa a waya, don haka in ka rufe titi a taswira saboda aikin kwalbati na kwana biyu, wani zai yi ta zagaye shi har bayan an gama aikin da daɗewa.

Rumbun bayanan bai ba ni wahala ba: PostgreSQL da PostGIS ne ke ajiye bayanan wurare, sai FastAPI a gaba yana miƙa su ga manhajoji a tsarin GeoJSON, wato tsarin rubuta wurare na taswira. Ka dai tuna GeoJSON lambar gabas da yamma yake sa wa farko, sannan ta kudu da arewa. In ka juya su a Kano, wurin zai faɗa can wani yanki daban, kuma ba abin da zai yi maka ƙorafi.

Inda aikin ya ci ni shi ne yadda za a faɗi wane yanki na titi ne aka rufe. Kowace hanya a OpenStreetMap tana da lamba, kuma abin da ya fi sauƙi shi ne ka ajiye lambar. Haka na fara. Amma duk lokacin da mai gyaran taswira ya raba hanya biyu, ko don ya sa gada ko don ya canza iyakar gudu a wani sashe, yanki ɗaya ne yake riƙe tsohuwar lambar, sauran su samu sababbi. Lambar da ka ajiye tana nan daram, binciken da ka rubuta zai ce komai lafiya, alhali rabin wurin da aka rufe ya buɗe a idon manhajar. Har yanzu abin yana ci mini rai, domin da kuskuren yana ihu da tuni an gan shi. Sai da na sake fasalin teburan gaba ɗaya.

Mafita ta biyu da na gwada ita ce zana da'ira a kan wurin. Valhalla, wani injin lissafa hanya, yana karɓar irin wannan zane da sunan exclude_polygons, ya kauce wa duk hanyar da ta ratsa zanen. Yana aiki a fili, amma zane bai san sama da ƙasa ba. A wuri irin gadar Dangi ko ta Ƙofar Nasarawa a Kano, in ka rufe gadar sama, ka rufe titin da ke ƙarƙashinta ke nan, har da ɗaya hannun da motoci ke wucewa lafiya. Ga kuma iyakar tsawon kewayen zanen, wadda a saitin asali mita 10,000 ce.

Abin da ya zauna shi ne ajiye abu biyu tare: layin kansa kamar yadda mai rahoto ya zana shi, daga farko zuwa ƙarshe bisa alkiblar tafiya, da kuma lambar OpenLR ɗinsa. OpenLR tsari ne na bayyana wuri a kan titi, kamfanin taswira na TomTom ne ya fitar da shi a 2009. Ba ruwansa da lambar hanya. Yana bayyana wuri da ɗigo aƙalla biyu, kowanne da matsayinsa, da alkiblar da titin ya fuskanta, da darajar titin daga 0 zuwa 7, da siffarsa, da nisa zuwa ɗigo na gaba. Mai karɓa ya nemo titin da ya fi dacewa a tasa taswirar, ko da ta bara ce. Shi ma yana da nasa tarko. OpenStreetMap ba shi da wannan daraja ta 0 zuwa 7, kai za ka tsara teburin da zai ce primary (babban titi) nawa ne, residential (titin unguwa) nawa ne, kuma dole mai aikawa da mai karɓa su yi amfani da tebur ɗaya. Sannan a taƙaitaccen tsarin lambar OpenLR alkibla kashi 32 ce, kowanne digiri 11.25, nisa kuwa taki-taki na mita 58.6. A babban titi ba komai. A lungunan cikin birni, inda biyu ke jere kusa da juna, yakan ɗauki na maƙwabta. Shi ya sa bayan an fassara lambar nake auna sakamakon da ainihin layin, in sun yi nisa da juna a ajiye rahoton sai mutum ya duba.

Lambar hanya kuwa yanzu ba na ajiye ta a matsayin shaida. Ana lissafa ta sabuwa duk lokacin da aka sabunta taswira. Haka ma fayil ɗin gudu na OSRM (wani injin lissafa hanya), wanda ke karɓar ɗigo biyu masu bin juna da gudun tsakaninsu, sifili yana nufin a rufe: in wani ya cusa sabon ɗigo a tsakani, wannan layi na fayil ɗin ya daina aiki shiru. A sake haifar da fayil ɗin, kada a gyara tsoho.

Lokacin ƙarewa dole ne. Rahoton da ba shi da ƙarshe ba ya shiga, domin mutane suna hanzarin faɗin an rufe, amma da wuya a samu mai dawowa ya ce an buɗe. In ambaliya ce ba a san ranar janyewarta ba, a ba ta wa'adi gajere, mai rahoto ya sabunta. A ajiye lokaci da UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, a nuna shi da agogon Najeriya, wato ƙarin awa ɗaya. Titunan da ake rufewa duk Juma'a a bakin masallatai, tsarin opening_hours, wanda OpenStreetMap ke rubuta lokutan buɗewa da rufewa da shi, ya ishe su, rubutu ɗaya maimakon sabon rahoto kowane mako.

Kada kuma a bar kowa ya kwafo rahoto daga Google Maps ko Waze. Sharuɗɗansu ba su yarda ba, kuma hakan zai gurɓata rumbun da ake so ya tafi tare da lasisin ODbL, wato na bayanan OpenStreetMap. Na sa gurbi na tilas a fom ɗin rahoto da ke tambayar inda labarin ya fito: gani da ido, ko sanarwar hukuma.