Fitarka ta farko a teku da kayak: abin da za ka tarar

Ƙanena, idan kana shirin bin jagora ka shiga teku da kayak, ka sani cewa yawancin abin da ke ɓata wa sabon shiga rana a bakin gaɓa yake farawa, tun jirgi bai taɓa ruwa ba. Ba rashin ƙarfi ne ya fi kayar da mutane ba. Kayan da suka sa, zaman da ba su gyara ba, da bayanin da aka yi hankalinsu na kan waya, su ne ke jawo wahalar.

Kayak siririn kwale-kwale ne mai rufaffen sama, asalinsa na mutanen Inuit ne na Girinlan da Alaska da arewacin Kanada, da shi suke farauta a teku. Na mutum ɗaya yakan kai tsawon mita 4.5 zuwa 5.5, faɗinsa bai cika wuce santimita 60 ba. Na mutum biyu ya fi shi tsawo da faɗi, ya fi wuyar kifewa, shi ya sa jagorori da yawa ke fara ɗora sababbi a kansa. Ba raini ba ne, ka karɓa. Gaba da baya akwai ma'aji mai murfi wanda aka katange daga wurin zama, iskar da ke cikinsa ce ke hana jirgin nutsewa idan ya kife. Ka tabbatar kowane murfi ya zauna daram kafin a tashi.

Maganar tufafi ita ce ta farko. Ana sa kaya ne don sanyin ruwa, ba don zafin rana ba. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 a kan yadda iska ke yi, kuma rana na iya ƙwallewa alhali ruwan na da sanyin gaske. Kada ka sa auduga, kada ka sa wandon jins. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta manne a jiki, iska ta buga ka kama rawar ɗari. Ka nemi yadin roba mai saurin bushewa ko ulu. Idan aka ba ka rigar roba mai ɗame jiki, ka sa ko da ta takura maka. Takalmi ya zama mai maɗauri a diddige, silifa kan zame a cikin laka ko kan dutse mai gansakuka. Ka ɗauki hula mai baki, tabarau mai igiya a wuya, man kare fata daga rana, ruwan sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu idan fitar rabin yini ce, da busassun kayan canji da za ka bari a gaɓa. Waya kuwa, ko dai ta shiga jaka mai hana ruwa a ɗaure ta a jiki, ko ta zauna a tudu.

Kafin a shiga ruwa jagora zai tara ku kamar na rabin awa. Zai tambayi wanda bai iya iyo ba, da mai asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, ciwon sukari ko tsohon targaɗen kafaɗa. Ina roƙonka ka faɗi gaskiya. Kunya ta sa mutane da yawa yin shiru a nan, alhali ba korarka za a yi ba, jagora zai sa ka kusa da shi ne, ya san inda maganinka yake.

Rigar ceto sai an ɗame ta. Bayan ka ja maɗauranta, wani ya kama kafaɗunta ya ɗaga: idan ta hau har kunnuwanka, ba ta ɗaure ba, a cikin ruwa haka za ta yi, ita tana sama kai kana ƙasa.

Sai zama. A cikin jirgin akwai matakai biyu da ake matsarwa gaba ko baya. Ka gyara su tun kuna kan yashi, yadda tafin ƙafarka zai taka su, gwiwoyinka a ɗan lanƙwashe suna dafe da rufin jirgin ta ciki, bayanka a miƙe. Idan matakan sun yi nisa, za ka kishingiɗa, ƙugu ya fara ciwo cikin ɗan lokaci, jirgin kuma ya daina jin motsinka. Idan sun yi kusa, ƙafa ta mace. A tsakiyar ruwa gyaran yana da wuya.

Akwai wani siket na roba da ake sawa a ƙugu, a maƙala bakinsa kewaye da ramin zama don kada ruwa ya shiga. A gabansa akwai ɗan madauki. Wannan madaukin ya kasance a waje, a gabanka, inda hannu zai same shi ko ido a rufe. Sababbi kan danne shi a ciki ba su lura ba, kuma shi ne abin da za ka ja ka fita in jirgi ya kife. Ka taɓa shi, ka gwada ja sau biyu a kan tudu, ka duba na abokin tafiyarka.

Filafilin kayak baki biyu gare shi, tsawonsa galibi santimita 210 zuwa 230. Ka ɗora sandarsa a kanka, ka matsar da hannuwa har gwiwar hannu ta yi kusurwa irin ta ƙofa, nan ne mariƙinka. Gefen bakin da ya lotsa shi ke fuskantarka. Ka tsoma shi daidai yatsun ƙafa, ka fitar da shi daidai ƙugu, abin da ya wuce nan ɗaga ruwa kake yi a banza. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne tuƙi da damtse kaɗai, shi ya sa ake gajiya tun ba a yi nisa ba. Ƙarfin yana cikin juya gangar jiki: ƙirji ya bi filafili dama da hagu, ƙafar ɓangaren da kake ja tana danna matakinta. Riƙon kuma ya zama sassauƙa. Damƙewa ce ke kawo bororo a gindin babban yatsa da ciwon wuyan hannu. A jirgin mutum biyu na gaba ke tsara bugun, na baya ya bi shi ya kuma riƙe hanya, idan akwai sitiyarin ƙafa, taka dama jirgi ya yi dama.

Mintuna na farko za ka ji jirgin yana rawa ƙarƙashinka. Haka aka ƙera shi. Wanda ya sandare shi ke kifewa, domin duk motsin ruwa sai ya bi ta jikinsa har kai. Ka saki ƙugu jirgin ya yi lilonsa, kai da kafaɗu su tsaya a tsakiya, ido a can nesa ba kan hancin jirgi ba. Idan raƙumin ruwa ya taso, kada ka ɗaga filafili sama ko ka kama gefen jirgi. Ka ci gaba da tuƙi, bakin filafili a cikin ruwa shi ne madogararka.

Tafiyar sababbi ba ta cika wuce kilomita 3 zuwa 4 a awa ba. Ka riƙe wannan lissafin, da shi za ka gane abin da ya sa jagora ke sauya hanya ko soke fita alhali sama tana garau. Iskar da ta kai kilomita 20 a awa ta isa ta fara tayar da farin kumfa ta kuma cinye rabin ƙoƙarinka. Mafi haɗari ita ce mai busowa daga tudu zuwa teku: bakin gaɓa yana kwance luf, amma da ka ɗan yi nisa sai ta riƙa tura ka waje, dawowa ta gagara. Ga kuma cikar teku da janyewarta, a yawancin gaɓoɓi sau biyu a yini, awa shida da 'yan mintuna tsakanin cika da janyewa, kuma ruwan ya fi gudu a tsakiyar wannan lokacin. A mashigi mai ƙunci gudunsa na iya fin naka. Idan jagora ya ce a juya, kada ka ja da shi don kuɗin da ka biya.

Ku tafi a dunƙule, inda murya za ta kai. Kada ka wuce jagora, kada ka tsaya ɗaukar hoto ba ka faɗa ba. Za a nuna muku alamun usur da na filafili, ka haddace su, busa uku dai alamar neman agaji ce. In tashin zuciya ya fara, ka dubi inda sama ta haɗu da ruwa, ka sanar da wuri. Wanda ya san yana fama da shi ya tambayi mai magani tun kafin ranar, domin irin wannan maganin kafin a tashi ake shansa.

Idan ka kife, ba abin kunya ba ne, jagora ya horu a kan haka. Ka sunkuya gaba, ka ja madaukin siket, ka dafa gefen ramin zama da hannu biyu ka tura jirgin gaba, za ka zame ka fito cikin daƙiƙu kaɗan. Da ka ɗago, kama jirgin, domin iska tana tafiya da jirgin da babu kowa ciki fiye da saurin iyonka. A ruwan da sanyinsa ya gaza digiri 15 numfashi kan sarƙe nan take, ka rungumi jirgi ka jira, cikin minti ɗaya zuwa uku zai daidaita. Kada ka nufi gaɓa da iyo, kada ka ɗafe jirgin wani ba a ce ka yi ba. Jagora zai ɗaga hancin jirginka ya zubar da ruwan, ya riƙe shi ka hau ta baya a rub da ciki, ka zura ƙafafu, sannan ka juyo ka zauna a famfe sauran ruwan.

Sauka ma tana da nata ƙa'idar. Ɗaya bayan ɗaya ake shiga gaɓa, hancin jirgi a miƙe, domin da ya ba raƙumin ruwa gefe zai mirgina. Ka cire siket da wuri, ka fito a hankali don ƙafafu sun daɗe a lanƙwashe, kuma kada ka tsaya tsakanin jirgi da tudu, raƙumi ɗaya ya isa ya maka shi a ƙwabrinka.