Ɗinki ne ya saki, ko yadi ne ya mutu?

Wandon ɗana na biyu ya dawo daga wurin tela karo na uku da faci a gwiwar hagu, kuma bai yi mako biyu ba ya sake kecewa. Da na duba da kyau sai na ga facin yana nan daram, ko zare ɗaya bai saki ba. Tsohon yadin da ke kewaye da shi ne ya yage, daidai layin da allura ta bi. A ranar na gane cewa shekara da shekaru ina yi wa kaina tambayar da ba ita ba. Nakan tambayi kaina ko kaya zai gyaru, alhali kusan kowane kaya yana gyaruwa idan an nace. Abin da ya kamata in bincika shi ne ko yadin yana da sauran rai.

Bambancin nan ba shi da wuyar ganewa idan mutum ya natsu. Maɓalli da ya cire, zif da ya ƙi tafiya, aljihu da ya huje, hammata da ta ɓarke a kan layin ɗinki, duk waɗannan matsalolin ɗinki ne, kuma zubar da riga saboda su almubazzaranci ne tsantsa. Mutuwar yadi kuwa wani abu ne daban. Zaren auduga yana lisawa ne sannu a hankali a wuraren da gogayya ta fi yawa, wato kwala, bakin hannu, gwiwa, mazauni da tsakanin cinyoyi, kuma kowane wanki, kowace doguwar shanya a rana mai zafi, kowane jiƙo a ruwan bilic yana rage masa ƙarfi. Yanzu abin da nake yi shi ne in ɗaga kayan sama in fuskanci haske. Idan na ga haske yana ratsa wani wuri fiye da sauran jikin, sai in kama wurin da hannu biyu in ɗan ja. Yadi mai rai yakan yi tirjiya ya koma yadda yake, wanda ya mutu kuwa sai zarensa ya buɗe, wani lokacin ma ka ji ƙaramar ƙara kamar ta tsohuwar takarda. Sabon faci a kan irin wannan yadi ƙara masa wahala kawai yake yi, domin facin ya fi shi ƙarfi, kuma duk lokacin da yaro ya durƙusa, ɓangaren da ya fi rauni ne zai ɗauki nauyin.

Kayan da ke da roba a jiki suna da nasu hukuncin. Zaren nan mai miƙewa da ake sakawa a kamfai, safa da wandunan wasa, wanda wani masanin sinadarai na kamfanin DuPont mai suna Joseph Shivers ya ƙirƙiro a 1958, ba ya jure zafi, ko na tafasasshen ruwa ko na dutsen guga, kuma idan ya saki ya saki ke nan. Robar ƙugu da aka zura a cikin ɗinki ana iya zare ta a sa wata, amma wadda aka saƙa cikin yadin kansa babu telan da zai dawo da ita. Haka nan rigunan foliyesta, waɗanda ke yaudarar ido ƙwarai: launinsu ba ya saurin koɗewa, ba sa saurin yagewa, amma zarensu yana riƙe maiƙon jiki, shi ya sa wata rigar takan fito daga wanki da ƙamshin sabulu, sai an sa ta na rabin sa'a tsohon warin gumi ya taso. Idan na jiƙa irin wannan sau biyu ko uku warin bai tafi ba, ba na ƙara wahalar da kaina. Kayan da suka yi fumfuna har baƙaƙen ɗige-ɗige suka kama zare su ma ba na mayar da su jikin yara.

Duk wannan shi ne ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana farawa ne idan kayan suna da mai su, kuma mai su yana raye yana kallon ka. Maigidana yana da wata riga mai ruwan toka wadda kwalarta ta lise har farin yadin ciki ya leƙo, an taɓa juya kwalar sau ɗaya, ɗayan gefen ma ya bi sahu. Na cire ta daga durowa na ajiye a cikin kayan da za a fitar, washegari na same ta a rataye a inda take.

"Maigida, wannan rigar ai ta ci kuɗinta," na ce masa.

"Shi ya sa ta fi sauran daɗi a jiki," in ji shi, bai ko ɗago kai ba.

Na yi dariya, amma daga baya na yarda yana da gaskiya ta wani fanni, domin audugar da ta sha wanki ta fi sabuwa laushi, kuma ba kowace riga ce aka yi don idon jama'a ba. Muka daidaita a kan cewa ta zama ta zaman gida. Tun daga nan na daina yanke hukunci a kan kayan babba ba da saninsa ba, har ma yaran da suka fara wayo nakan kira su su tsaya a yi zaɓen tare, saboda na lura cewa yaron da aka ɓatar masa da rigar da yake so a ɓoye yakan daɗe yana nemanta.

Akwai kuma wata yaudara da na daɗe ina yi wa kaina, wato tara kayan da suka mutu da sunan za a bayar. Gaskiyar magana ita ce ina gudun nauyin zubarwa ne, sai in ɗora shi a kan wani, ina lallashin zuciyata da cewa da babu gara ba daɗi. Ma'aunin da na koma amfani da shi yanzu shi ne, idan ba zan iya sa wa ɗana wannan kaya ya fita da shi ba, to ɗan wani ma bai cancanci ya sa shi ba. Kwancen da ake bai wa ƙane ko maƙwabci ya kamata ya zama wanda ya yi wa mai shi kaɗan, ba wanda ya ƙare ba. Ƙaramar 'yata ce ta fara nuna mini haka, ranar da ta kalli wata rigar da ta ratso yayye biyu kafin ta iso gare ta, ta ce, "Mama, ni kullum sai wadda ta gaji?"

Zubarwar ma ba na gaggawar kai ta ga kwandon shara. Wani rahoto da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya nuna cewa ƙasa da kashi 1 cikin 100 na abin da ake yin tufafi da shi ne ake sake sarrafawa ya zama sabuwar tufa, saura mafi yawa juji ko wuta ne makomarsa. Auduga zalla tana ruɓewa a ƙasa, foliyesta kuwa dangin leda ce, tana shafe shekaru masu yawa ba ta ruɓe ba, idan an ƙona ta kuma narkewa take yi tana fitar da hayaƙi mai cutarwa. Saboda haka kafin kaya ya bar gidana nakan cire maɓallai da zif mai kyau, in yanke wuraren da ke da sauran ƙarfi don faci, tsofaffin singileti da tawul kuma su koma tsumman goge-goge, domin auduga tana shan ruwa, abin da foliyesta ba ta iyawa sosai.

Wandon nan mai faci uku a ƙarshe almakashi na sa masa sama da gwiwa, ya zama gajeren wando, ƙafafun da na yanke kuma suna ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Abu ɗaya ne ya gagari duk waɗannan ƙa'idoji nawa: wata 'yar rigar jarirai mai ruwan ɗorawa, da tabon madara a ƙirji wanda bai taɓa fita ba, wadda 'ya'yana uku duk suka sa a makonsu na farko. Na ɗaga ta a haske, kuma na ga abin da na gani. Na ninke ta na mayar ƙasan akwati.