Bushewa ce ke kashe katirij, ba yawan aiki ba

A shagonmu na firinta da ɗurin tawada a Aboabo, Kumasi, yawancin katirij (kwanson tawadar firinta) da ake kawo mana wai sun mutu, da tawada a cikinsu. Bakin ne ya toshe. Ramukan da tawada ke fitowa sun fi gashin kai siranta, kuma iska na taɓa su sai su daskare. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, abin ya fi muni, ga ƙura ga busasshiyar iska.

Babban mai laifi dumsor ne, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Idan ka kashe firinta da maɓallinta, katirij na komawa gefe ya zauna kan wata 'yar roba da ke rufe bakinsa. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ko ka zare waya daga soket, sai ya tsaya a tsakiya baki buɗe. Da wuta ta dawo, kunna firintar, ka bari ya koma mazauninsa. Kuma ko babu aiki, a buga shafi ɗaya mai kala duk mako.

Sabon katirij a bar shi cikin kwalinsa, a tsaye, a inuwa, tsakanin digiri 15 zuwa 35. Banda firij, banda cikin mota. Wanda aka riga aka buɗe, a sa shi a robar abinci mai murfi tare da jiƙaƙƙen ƙyalle a gefe, kada ya taɓa bakin. Masu manna salatif ko ɗaurewa a leda suna ba mu takaici: kaloli ukun da ke cikin katirij mai kala sai su shiga juna, rawaya ta koma ruwan ƙasa, kuma da wuya ta gyaru.

In ya toshe, zuba ruwa mai ɗumi a faranti, zurfin milimita 3, a tsoma bakin kawai minti 5. Tataccen ruwa irin na batir muke so, marar asid. Na famfo na barin gishiri. Sai a dangwala a tishu. Mai kala ya nuna layi uku, baƙi layi ɗaya.

Wajen ɗuri a yi sannu. Katirij ɗin Canon PG-445 mililita 8 yake ɗauka daga kamfani, mu 5 muke sa masa da sirinji, don soson ciki in ya cika ɗiga yake yi. Kada kuma a jira sai rubutu ya ɓace gaba ɗaya. HP da Canon da zafi suke feso tawada, ita ce kuma ke sanyaya bakin; aka ci gaba da bugawa babu ita, ya ƙone, sai dai a sayi wani.