Abin da shekara shida na rubutun fim suka koya min

Satin da ya wuce na kwashe takarduna daga ofis ɗinmu na Zoo Road a Kano, na ajiye rubutun fim. Mutane sai tambaya suke wai ko faɗa aka yi, ba faɗa ba ne, abu ɗaya ne ya tsaya min a rai tun bara.

Wani fim mai dogon zango muke yi na YouTube, kun san tunda kasuwar faifai ta mutu a Ƙofar Wambai kowa YouTube ɗin ya koma, kuma masu kallo ake nema ko ta halin ƙaƙa. A labarin akwai wanda za a sace a hanya, ni kuma na rubuta masu satar wasu samari ne kawai ban ce ga ƙabilarsu ba. Furodusa ya karanta ya kira ni ya ce "Malama wannan ba zai ja ba, ki sa musu malfa da sanda su riƙa karya Hausa, kowa ya gane su waye." Na ɗan yi musu, ya ce marubuta ga su nan birjik a waje suna jira, kuma lokacin ina bin shi kuɗin fitowa huɗu. Na gyara. Har na ƙara wata mai tallan nono da take kai wa ɓarayin rahoto don labarin ya haɗu, wannan ba shi ya ce ba wallahi, ni na ƙara da hannuna, shi ya fi ci min rai.

Akwai wata Inna da take kawo mana fura da nono kusan kullum, takan sauke ƙwaryarta a bakin ƙofa ta dama min da kanta. Kamar sati biyu da fitowar abin ta zo, ta dama, ta miƙo min, sannan ta ce "'Yar nan, jikana ya nuna min abin da kuka yi a waya. Jiya yara suka biyo ni a layi suna ce min infoma." Ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ce "Mu ma fa an kore mana shanu, ba wanda ya yi fim ɗinsa." Ta rufe ƙwaryar da faifai ta ɗora a ka ta tafi, na kasa shan furar nan.

Da na faɗa wa furodusa cewa ya yi ai fim ne. Tun 2001 da aka kafa hukumar tace finafinai a Kano mu marubuta mun haddace abin da za mu kiyaye, rawa, shiga, taɓa juna, amma ban taɓa ganin mun zauna mun tambayi kanmu me ya sa bazawara kullum mai ƙwace miji ce, kishiya kullum tana gidan boka, 'yar boko ba kunya, baƙauye wawa, Ibo kuma ba ya fitowa sai a kan kuɗi. Alhali mu ne masu kumfar baki idan finafinan Legas suka fito da Bahaushe maigadi ana ce masa aboki ana dariyar Turancinsa.

Sauran abin da na koya kaɗan ne. Kar ki miƙa rubutu ba ki karɓi ko rabin kuɗinki ba. Ki riƙa zuwa lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, don can ake canza miki magana. In za ki sa yaren da ba naki ba a bakin jarumi, nemo mai yaren ya duba.

Labarin ƙarshe da na rubuta jarumar Bafulatana ce, ungozoma a asibitin ƙauye, an ce ba zai ja ba, yana nan a kwamfutata ban canza ko harafi ɗaya ba. Inna kuwa ba ta sake zuwa ba, na tambayi masu shagunan layin suka ce ta koma kai nononta wata unguwar.