Ɗan ci-rani mai riga goma sha uku

Sanyin Disambar 2010 ne ya kora ni ɗakin ƙarƙashin benen da nake haya a Bronx, cikin birnin New York. Kwana biyu bututun ɗumama ɗaki bai aiki, na jibga riga uku na ɗora jallabiya a kai, amma haƙorana ba su daina kaɗawa ba. Wata tara ke nan da barina Maraɗi, na riga na canza aiki sau uku: wankin mota, jidon kaya a wani kanti, sai gadin dare. Ɗakin nan kuwa shi ne na huɗu da na aza katifata a ciki.

Mai kula da benen wani dattijo ne ɗan Jamhuriyar Dominika, Turancinsa bai fi nawa auki ba. Na same shi zaune kan bokitin fenti, da kwalin takalmi a cinya, yana jera wasu katuna masu hotunan mutane da huluna. Na gaishe shi da ladabi, na ce Baba. Ya ɗaure fuska. Sai daga baya na gane ashe a Sifaniyanci kalmar nan dalalar yawu take nufi. Ya ce in kira shi da abin da 'ya'yansa ke kiransa, wanda in an fassara "tsoho" ne. Na ce ai mu ma haka wasu ke kiran uba, shi ke nan ya zama Tsoho. Bututun sai washegari ya gyara shi, amma a daren sai da ya tsare ni awa guda yana nuna mini katunansa.

A zuciyata na ce wannan wasan yara ne. Mutum da furfura yana lallaɓa guntun kwali kamar takardar gado. Kuma da ma na yara ne: a da kamfanin Topps na Brooklyn yakan cusa katunan 'yan wasan besbol, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, cikin ƙunshin cingam, yara su saya, su yi musaya, wasu su maƙala su a wayar keke don ya riƙa ƙara kamar babur. Iyaye mata suka share mafi yawansu zuwa bola. Wannan ne ya sa kaɗan da suka tsira lafiya lau suka zama dukiya. Katin shahararren ɗan wasa Mickey Mantle na 1952 an sayar da guda ɗaya dala miliyan 12.6 a 2022. Akwai kamfanin da aikinsa ke nan, PSA, ya duba kusurwoyi huɗu, ya duba ko hoton ya zauna daidai a tsakiya, ya ba da maki daga 1 zuwa 10, ya rufe katin cikin roba mai ƙarfi. Tsakanin maki 9 da maki 4 sai ka ga kuɗin gida guda.

Tsoho ba shi da irin waɗannan. Abin alfaharinsa katin Juan Marichal ne na 1961, ɗan ƙasarsu, ga karaya a tsakiya, kusurwoyin sun zama zagaye saboda shafa. Ya ce kada ma a kai shi awo, don ya san ba zai ci maki ba, kuma ba ya son yaro ɗan bana-bakwai ya raina masa kaya.

Ni dai ba Marichal ne ya kama ni ba. Wani kati ne na banza-banza a ƙasan kwalin, wanda Tsoho ya miƙo mini kyauta, ya ce juya bayansa. A baya akwai layuka, kowane layi shekara ɗaya da sunan gari: New York, Houston, Oakland, New York kuma, Kansas City, Atlanta, Chicago. Sunan mutumin Octavio Dotel, haifaffen Santo Domingo, babban birnin ƙasar su Tsoho. Tsoho ya ɗaga yatsu uku, ya ce a wannan shekarar kaɗai da muke ciki ya buga wa ƙungiya uku: ya fara a Pittsburgh, ƙarshen Yuli aka tura shi Los Angeles, a Satumba aka sake tura shi Colorado. Ya nuna ni da yatsa yana dariya. Ashe yana lissafe da yawan aikin da na canza.

Sai da na yi bazara biyu kafin na gane aikin Dotel. Wasan turmi tara ne. Akwai mai jifan da ke farawa, shi ne ɗan gata, an san ranarsa, ana buga sunansa a jarida tun kafin wasa. Idan hannunsa ya gaji ko ya jiƙa aiki, sai a buga waya can wani shinge a ƙarshen fili, wanda sunansa a harshensu yake nufin garken bijimai, a ce wane ya taso. Shi ne mai jifan ɗauki. Bai san ko yau za a kira shi ba, in an kira shi kuma galibi gobara ce ta riga ta tashi. Ya kashe, a manta da shi kafin a kai ƙofar fita. Ya kasa, filin gaba ɗaya ya yi masa ihu. Duk wanda ya taɓa zaman jiran wayar "akwai aikin dare, za ka iya zuwa yanzu?" ya san wannan zaman.

Kuma fa ba rago ba ne. Ranar 11 ga Yunin 2003, a tsohon filin ƙungiyar Yankees ta New York, wanda a da yake nan titi na 161, masu jifa shida na Houston suka haɗu suka hana Yankees bugu mai kyau ko ɗaya har aka tashi. Dotel ne ya karɓi turmi na takwas, ya kayar da mutum huɗu a turmin da uku ake buƙata, saboda ƙwallo ta kuɓuce wa mai cafewa. Tsoho mai son Yankees ne na mutuwa, amma in ya zo kan wannan labari bakinsa ba ya rufuwa. A 2005 aka yi wa Dotel aikin gwiwar hannu, ya dawo, yawo ya ci gaba. A Yulin 2011 Toronto ta miƙa shi St. Louis, a can ya ci kofin duniyarsu a kan Texas yana da shekara 37. Da ya sa rigar Detroit a 2012 ya cika ƙungiya 13, abin da ba wanda ya taɓa yi. Edwin Jackson, wanda ya karya wannan tarihi a 2019 da 14, cikin ciniki ɗaya aka kai su St. Louis tare.

Haka na fara tara katunansa, riga ɗaya kati ɗaya. A kasuwar masu katuna akwai kwalayen da ake zuba na arha, kowanne bai kai dala ba, can ake samun irinsu Dotel. Masu harkar ba su ma kiran nasa tsoho, sai na kafin 1980. Wani mai tebur ya taɓa tambayata ko ɗan uwana ne. Abokan zama a masallaci suka ce caca na shiga. Na ce wanda ya sayi ƙunshi a rufe yana fatan dace, shi za a tambaya, ni kuwa abin da idona ya gani nake biya. Matata da ta zo a 2015 ta ga kwalin, ta ce, "Malam, waɗannan duk mutum ɗaya ne?" Na ce e. Ta ce, "To Allah ya zaunar da shi."

Da katunan nan na koyi taswirar Amurka. Da na zauna jarrabawar zama ɗan ƙasa, na san inda Missouri take, jihar St. Louis da Kansas City, ba don littafi ba. Da su kuma na samu abin faɗa wa mutanen da ba mu haɗa addini ko abinci ko harshe ba. Ka ce wa ɗan Dominika a shagon aski "Dotel", sai ya ja maka kujera.

Safiyar 8 ga Afrilun 2025 ina dawowa daga aiki wayar Tsoho ta shigo. Ya daɗe da barin aikin bene, yana zaune wurin 'yarsa. Ya ce rufin wani gidan rawa ya rufta a Santo Domingo cikin dare, Dotel na ciki. Fiye da mutum 200 suka mutu a wurin. Shekararsa 51.

Da yamma na ɗauki kwalina na hau jirgin ƙasa na je wurinsa. Muka share teburin kicin, muka jera katunan bi da bi tun daga na 1999 na ƙungiyar Mets ta New York har Detroit. Goma sha biyu ne. Na Colorado har yau ban same shi ba, don zamansa can bai kai wata guda ba. Tsoho ya matsar da na Los Angeles hagu, na Toronto dama, ya bar gurbin a buɗe, sannan ya tashi ya ɗora mana ruwan kofi.