Yarinyar da na cusa wa ilimin da ba nata ba

Har yau ina jin zafin babi uku da na yaga daga littafina, kuma ba kowa ya ja mini ba sai zumuɗin nuna na yi bincike. Jarumar labarin 'yar shekara 15 ce, tana zaune kusa da mahaifinta a cikin Cessna 172, ƙaramin jirgin nan mai kujeru huɗu, sai tsuntsu ya fasa gilashin gaba, uban ya suma. Sau uku kacal ta taɓa shiga jirgin, amma na sa ta murɗa rediyo zuwa 121.5, tashar neman agajin gaggawa, ta saka lambar gaggawa 7700, ta daidaita gudunta a kan kilomita 120 a sa'a, ta sauka lami lafiya kamar wadda ta shekara goma tana tuƙi.

Wani tsohon matuƙin jirgi ya karanta, ya ajiye takardun, ya ce: “Malam, wa ya koya mata wannan? Kai ne ka sani, ba ita ba.” Abin haushin shi ne, duk da wannan ƙwarewa da na ɗora mata, na rubuta cewa ta juya jirgin a kan titi da sitiyari kamar mota, alhali a ƙasa da ƙafafu ake juya shi. Na ba ta abin da ba za ta iya sani ba, na kuma kasa sanin abin da kowane ɗalibi ke koya a ranar farko.

Da na sake rubutawa, na bar mata abin da idonta ya gani kawai: hannun babanta a kan baƙin maɓalli, da yadda yake tura shi ciki injin ya ƙara ruri. Maɓalli mai launin ja da ke gefensa kuwa ba ta san aikinsa ba, ga shi idan aka zaro shi gaba ɗaya mai ya yanke, injin ya mutu. Tsoro ya sa ta janyo sitiyarin zuwa ƙirjinta, hancin jirgin ya ɗaga, gudu ya ragu, ƙarar gargaɗi ta tashi, ita kuma ba ta san fukafukan sun kusa daina ɗaukarsa ba. Rediyon ma ba ta murɗa komai ba, ta danna abin da ta ga yana dannawa ne, ta ce babanta ba ya motsi.

Lambar 7700 ɗin nan na fi jin ciwon gogewa, domin kwana biyu na yi kafin na tabbatar da ita.